Yadda Ake Miƙa Kai Ga Allah A Ci Nasara Kan Jaraba: Jagora Ga 'Yan'uwa Mazauna Legas

Kusan kowace Lahadi, da an tashi daga sujadar Hausa, sai wani ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, na yi addu'a, na yi azumi, na fita gaba an ɗora mini hannu, amma abin nan bai sake ni ba. Kuna ta cewa a miƙa kai ga Allah. Yaya ake miƙa kan?" Wasu ta waya suke tambaya, da tsakar dare, daga ɗakin gadi a Lekki ko daga cikin tirela a layin Apapa. Na ga gara in rubuta amsar wuri ɗaya.

Ni ba fasto ba ne. Direba ne, kuma na yi shekara uku cacar ƙwallo tana wasa da ni a garin nan, har ta cinye kuɗin makarantar 'yata na zango guda, na ce wa matata da ke gida Arewa ba a biya albashi ba. Abin da zan jera a nan shi ne hanyar da dattawa suka bi da ni, ni ma na bi da wasu a kanta daga baya.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara, shi ne tsarin Yakubu 4:7. Ayar ta ce mu miƙa kanmu ga Allah, sannan mu yi tsayayya da Iblis, shi kuwa zai guje mana. Miƙa kai ne a gaba, tsayayya a baya. Yawancinmu muna juya ta, mu cije haƙora mu yi ta kokawa da ƙarfinmu, sai mun sha kaye mu tuna da Allah. Don haka kada ka tsallake zuwa mataki na 6 don ka ga shi ne ya fi kama da yaƙi.

Kayan da za ka tanada

Littafi Mai Tsarki na Hausa, na takarda in da hali. Ƙungiyar Bible Society of Nigeria tana da ofis a Apapa, kuma fastonka zai san inda ake samu kusa da kai. Manhajar YouVersion ma tana da juyin Hausa kyauta, amma in wayar ce ƙofar jarabarka, na takardan ya fi maka. Sai ƙaramin littafin rubutu da biro. Sai minti 15 kowace rana, a lokaci ɗaya da ba ya sauyawa. Sai mutum ɗaya, wanda za mu yi maganarsa a mataki na 4.

Gargaɗi: a wannan aiki ba a biyan kowa ko kwabo. Legas cike take da masu sayar da mai da ruwa da ƙyalle, suna cewa da ka saya jaraba ta gudu. Duba abin da Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:18-20 sa'ad da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Duk wanda ya yanka maka farashi, ɗauki takalminka.

1. Kira abin da sunansa

Mako na farko ba ka da aikin da ya wuce lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Kwana bakwai, duk lokacin da sha'awar abin ta taso, ko ka faɗi ko ba ka faɗi ba, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, a ina, kana tare da wa, me ya faru kafin nan.

Kada ka rubuta "zunubi" ko "rashin ƙarfi". Rubuta caca. Rubuta tiramadol. Rubuta bidiyon batsa, ko matar maƙwabci, ko ƙarin kuɗi a rasit ɗin man mota, ko ƙaryar da kake yi wa oga. Addu'ar "Ya Ubangiji ka gafarta mini zunubaina duka" tana da daɗin yi, don ba ta taɓa komai.

A ƙarshen mako za ka ga abin yana da lokacinsa da wurinsa. Nawa ranar Asabar ne da yamma, in na ajiye mota, ga kuɗi a aljihu, ga shagon caca a bakin tashar da nake sauka. Na wani kuma ƙarfe biyu na dare ne a bakin get, ga data ga kaɗaici. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar yawanci ɗaya ce daga cikin huɗu: gajiya, kaɗaici, ɓacin rai, ko kuɗi a hannu.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ɗaukar jaraba a matsayin zunubi tun daga zuwanta. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Yakubu 1:14-15 ta nuna abin kamar ciki ne: sha'awa takan ja mutum, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Tsakanin jan da haihuwar akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan za ka yi aikinka. Wanda ya ɗauka tunanin da ya gifta masa faɗuwa ce, yakan ce tunda an riga an ɓata, bari a ƙarasa.

2. Yi addu'ar miƙa kai

Rana ta takwas, nemi wurin da babu mai katse ka. Na san a gidan haya mai ɗaki ɗaya da mutum huɗu wannan ba wasa ba ne. Wasu sukan je coci da rana tsakiyar mako, mai gadin zai buɗe musu. Ni a cikin mota na yi tawa, ina jiran oga.

Buɗe littafin rubutunka a gabanka, ka karanta Romawa 6:12-14 da Romawa 12:1-2. Lura da abin da Bulus ya ce a miƙa: gaɓoɓin jiki. Ido, hannu, ƙafa, baki. Bai ce a miƙa wani abu mai yawo a iska ba. Sannan ka yi addu'a da bakinka, da muryar da kunnenka zai ji, a harshen da kake yin kuka da shi, ko Hausa ne ko yaren garinku. Ta ƙunshi abu huɗu, a wannan jeri.

Na farko, faɗi abin da ka yi kamar yadda ka rubuta shi, ba tare da kawo dalili ba. Kada ka ce "saboda matata tana nesa", kada ka ce "saboda albashi ba ya isa". Dauda a Zabura 51 bai ambaci cewa Batsheba tana wanka a inda ake hangowa ba.

Na biyu, yarda ka kasa. Wannan ya fi yi wa maza wuya. Mun saba da cewa namiji ba ya gazawa, mun baro gida mun zo Ikko da jaka ɗaya mun tsaya da ƙafafunmu. Amma Bulus da kansa ya ce a Romawa 7:19 nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi. In manzo ya faɗi haka, kai ma bakinka ba zai tsage ba.

Na uku, faɗi gaskiyar cewa kana son abin. Nan ne mutane suke ruɗin kansu. Da ba ka jin daɗinsa da ba jaraba ba ce. Ni sai da na ce, "Ubangiji, ina son cacar nan, ina jin daɗin bugun zuciyar da nake yi a minti na casa'in, kuma wani sashe na zuciyata ba ya so ka karɓe ta." A Gatsemani Yesu ya fara da faɗin abin da yake so, wato a ɗauke masa ƙoƙon, sannan ya ce ba nufinsa ba, nufin Uba za a yi (Luka 22:42). Ba ka iya miƙa abin da kake musun yana hannunka.

Na huɗu, miƙa. Ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya: wayata taka ce, albashina naka ne, yammacin Asabar ɗina naka ne, ka yi yadda ka ga dama da su, kuma duk abin da ka nuna mini in yi zan yi. Rubuta kwanan wata a littafin.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka jira kuka ko sanyin jiki ko mafarki. Wasu sukan ji, wasu ba sa ji, ni ban ji komai ba sai ƙarar janareto. Kuma kada ka yi rantsuwa ko ka ɗaure kanka da wa'adi irin su "in na sake, Allah ya kashe ni". Bitrus ya yi irin wannan cika baki a daren da aka kama Ubangiji, kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku. Rantsuwa tana jingina ne a kan ƙarfinka, ƙarfin da ka gama cewa ba ka da shi.

Wannan addu'a a taƙaice za ka riƙa maimaita ta kowace safiya a cikin minti 15 ɗinka. Luka 9:23 ta ce kowace rana ake ɗaukar gicciye. In kana fita tun ƙarfe biyar don ka riga cunkoson gadar Third Mainland, yi ta kafin ka taɓa waya, ko da a zaune a bakin katifa ne.

3. Miƙa makullai

Kafin rana ta faɗi a ranar da ka yi addu'ar, sai a ga alama a hannu. Wanda ya ce ya ba Allah gida amma ya riƙe makullin ɗaki ɗaya a aljihu, bai bayar ba tukuna. Matiyu 5:29-30 ta yi maganar ƙwaƙule ido da yanke hannu. Ba wanda ya ce ka ɗauki wuƙa, amma ma'anar a fili take: abin da ke kai ka ga faɗuwa, rabu da shi ko da yana da amfani, ko da rabuwar da zafi. Koma ga abin da ka rubuta a mako na farko, ka rufe kowace ƙofa da ka gani.

Waya. Goge manhajar, rufe asusun gaba ɗaya, fita daga rukunin WhatsApp da ake turo hasashen wasanni ko hotuna. Toshe lambar, sannan ka goge ta, har da tsoffin saƙonni. In dare ne matsalarka, wayar ta kwana nesa da shimfiɗa. Na san wani matashi mai gadi da ya sayar da babbar wayarsa ya sayi ƙaramar mai tocila, ya yi wata shida da ita. Abokansa sun yi masa dariya. Ni ban yi ba.

Kuɗi. Ranar da albashi ya shiga, a ranar za ka raba shi: na gida ya tafi gida, na haya, na baiko da zakka, na abinci. Kada kuɗi ya kwana a asusunka yana jiran Asabar. In kai mai samun na yau da kullum ne, kamar masu keke ko masu dako a Mile 12, shiga adashi ko ka riƙa ba amintacce ajiya kowace yamma. In caca ce, bar katin banki a gida, ka fita da kuɗin mota da na abinci kawai. Manhajojin bashi kuma goge su tare da na cacar, don ɗan juma ne da ɗan jummai.

Hanya. Sauya tashar da kake sauka. Ni na koma sauka tasha ɗaya gaba, in taka minti goma a ƙasa, don kada in bi ta gaban shagon. Yusufu a Farawa 39 baƙo ne a Masar kamar yadda muke baƙi a nan, babu uwa babu uba, babu wanda zai kai labari gida. Aya ta 10 ta ce ya ƙi ko da zama kusa da matar Fotifar, ranar da ta kama rigarsa kuwa ya bar mata rigar ya fita da gudu. Bai tsaya yi mata wa'azi ba.

Mutane. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba sai ka yi faɗa da kowa ba, gaisuwa tana nan, amma majalisar da ake zama a sha abin, ka daina zama. Ka sa a ranka wannan ne mafi tsada a duk tafiyar. A garin da ba naka ba, mutanen da kuke jin yaren juna su ne danginka, kuma barin su yana nufin wasu maraice za ka zauna kai kaɗai. Shi ya sa mataki na 4 da na 7 ba a barin su.

Gargaɗi ga mai shan giya kullum, ko tiramadol, ko kodin: kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba yana iya shiga karkarwa, zufa, rashin barci, wani har farfaɗiya, kuma ga mai giya da ya daɗe yana sha abin yana iya kai wa ga rasa rai. Je wurin likita tukuna. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Zuwa asibiti ba ya rage bangaskiyar kowa, shi ma yana cikin makullan da ake miƙawa, wato makullin girman kai.

Gargaɗi ga 'yan'uwa mata, musamman masu aikin gida da na shago: in oga ko ɗan gida ne yake matsa miki, yana yi miki barazanar kora, wannan zalunci ne ake yi miki, kuma miƙa kai ga Allah bai taɓa nufin ki yi shiru ki haƙura ba. Gaya wa shugabar Zumuntar Mata ko matar fasto a makon nan, a nema miki mafita. Jihar Legas tana da hukuma ta musamman, DSVA, mai karɓar ƙorafin cin zarafin mata da na cikin gida.

4. Nemi mutum ɗaya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yakubu 5:16 ta ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a don mu warke. Gafara daga wurin Allah take, amma jarabar da babu wanda ya san da ita sai kai, tana da ƙarfi ninki biyu.

Mutum ɗaya ya isa. Namiji ga namiji, mace ga mace, babu togiya a wannan. Ya girme ka a bangaskiya, ya kasance ba ya fama da irin abin da kake fama da shi a yanzu, kuma ka taɓa lura ba ya kawo maka labarin wasu. Mai kawo maka na wani zai kai naka. Ka same shi ka ce, "Baba, ina da magana, ina neman wanda zai riƙa tambayata." Ka nuna masa littafin. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, ko da ta waya ce, da tambaya uku da zai yi maka kai tsaye: ka faɗi a makon nan? Ina ka kusa faɗuwa? Akwai abin da ka ɓoye mini yanzu?

Kada ka tashi a lokacin shaida ka zazzage komai a gaban jama'a, da sunayen mutane. Zumuncinmu a Legas ƙarami ne, kafin Litinin labari ya isa Kafanchan ko Billiri. Maganar gaya wa matarka ko mijinki kuwa, in abin ya taɓa aure ko kuɗin gida, dole a faɗa, amma a shirya da fasto ko dattijo tukuna, a san lokaci da yadda za a yi. Ni ban gaya wa tawa ta waya ba. Na jira na je gida, muka zauna da dattijo ɗaya. Ba ta yi mini magana ba kwana biyu, kuma tana da gaskiya.

5. Haddace ayoyi uku

Sa'ad da Iblis ya jarabci Yesu a jeji bayan azumin kwana 40, amsa uku ya bayar, dukansu daga Maimaitawar Shari'a (Matiyu 4:1-11). Babu littafi a hannunsa, a ka suke. Uku sun ishe ka farawa. Ta farko ga kowa ita ce 1 Korintiyawa 10:13, mai cewa Allah mai aminci ne, ba zai bari a jarabce ka fiye da ƙarfinka ba, kuma tare da jarabar zai buɗe mafita. Sauran biyun ka zaɓa daidai da ciwonka: na kuɗi, 1 Timoti 6:9-10 da Ibraniyawa 13:5, na sha'awar jiki, 1 Korintiyawa 6:18-20 da 2 Timoti 2:22, na fushi da baki, Yakubu 1:19-20 da Afisawa 4:26, na shaye-shaye, 1 Korintiyawa 6:12 da Afisawa 5:18.

Rubuta su a takarda ka sa a aljihun riga. Cunkoson Legas ya ba ka lokacin hadda kyauta, a danfo ko a BRT. In karatu yana yi maka wuya, sa wani ya karanta maka ka naɗa a waya. Aya dai ba laya ba ce, ba a rataya ta ko a sa ƙarƙashin matashin kai don ta yi aiki da kanta. Iblis ma ya ja aya daga Zabura 91 sa'ad da yake jarabtar Yesu.

6. Sa'ad da jarabar ta zo

Za ta zo, wataƙila ma da ƙarfi fiye da da a makonnin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka san abin da za ka yi tun yanzu, ka yi shi a jere ba tare da tsayawa shawara da zuciyarka ba.

Faɗi sunanta a fili: "Ga cacar nan ta zo." Yi gajeriyar addu'a, kalma biyar ta isa. Ta Bitrus a kan ruwa ba ta wuce "Ubangiji, ka cece ni" ba (Matiyu 14:30). Tuna wa kanka wa ke da wayar da kuɗin da jikin yanzu, ka riga ka bayar, ba naka ba ne da za ka ɗauka. Sannan tashi daga wurin da ƙafarka. Fita daga ɗakin, ajiye wayar, sauka daga benci, in a wurin aiki kake zagaya gidan. Faɗi ayarka da murya. Kira mutuminka, ko da ƙarfe nawa ne, kun riga kun yi wannan yarjejeniya. In bai ɗauka ba, tura masa saƙo, rubutawar kaɗai tana rage wa abin ƙarfi.

Sha'awa takan hau ne ta sauka kamar ruwan saman Legas da ke cika titi ya janye. Abin da ake nema a gare ka shi ne kada ka yanke hukunci tana kan ganiyarta. Mafitar da 1 Korintiyawa 10:13 ta yi alkawari sau da yawa ba ta da ban mamaki ko kaɗan: ƙofar ɗaki ce, ko kiran waya daga gida da ya shigo daidai lokacin, ko ɗauke wuta. Mutane sukan wuce ta don suna jiran mala'ika.

Kuskure mafi yawa a nan shi ne ciniki. "Bari in duba sakamakon kawai." "Naira ɗari ce kawai." "Gaisuwa kawai zan yi mata." Hawwa'u ta fara ne da amsa tambayar maciji. Kuskure na biyu shi ne tsayawa a wurin kana ta tsawata wa Shaiɗan alhali wayar tana hannunka a buɗe. A kan sha'awar jiki da son kuɗi, umarnin da Bulus ya ba Timoti da Korintiyawa gudu ne.

7. Cika gurbin

Matiyu 12:43-45 ta ba da misalin gidan da aka share aka bar shi fayau, mugun ruhu ya dawo da bakwai da suka fi shi. Dauda ma ya faɗi ne a lokacin da sarakuna sukan fita yaƙi shi kuwa ya zauna a Urushalima ba aikin fari ba na baƙi (2 Sama'ila 11:1-2). Sa'ar da jarabar take ci a da, sai ka ba ta wani aiki takamaimai. Ni yammacin Asabar na koma gwajin waƙa da ƙungiyar mawaƙa, ko da yake muryata ba ta da daɗi, kowa ya sani. Akwai zumuntar matasa, akwai 'yan Sabon Rai, akwai Zumuntar Mata, akwai ziyarar marasa lafiya. Mai aure da iyali a Arewa ya sa kiran gida a daidai wannan sa'a, ya yi hira da yara ɗaya bayan ɗaya.

Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. In jarabarka ta ci haƙƙin wani, rubuta bashin, ka mayar wa mai shi, kamar yadda Zakka ya ce zai yi a Luka 19:8, ka fara biya ko da kaɗan kaɗan ne. In kuɗin wurin aiki ne, nemi shawarar fasto kafin ka je, don a san yadda za a mayar ba tare da an jefa ka hannun 'yan sanda a banza ba.

8. In ka faɗi

Ni na faɗi sau biyu a shekarar farko. Na biyun a watan Disamba ne, an ba mu kuɗin ƙarshen shekara, ina shirin tafiya gida Kirsimeti, zuciyata ta ce in ninka shi in sayi buhun shinkafa biyu maimakon ɗaya. Na tafi gida ba ko ɗaya.

A ranar da ka faɗi, a ranar za ka koma. Kada ka jira Lahadi, kada ka ce sai ka yi kwana uku kana azumi kafin ka cancanci yin addu'a. 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Furta wa Allah, kira mutuminka kafin awa 24 ta cika, sannan ka buɗe littafin ka rubuta abu huɗun nan na mataki na 1. Kusan kullum za ka tarar akwai makullin da ka riƙe. Nawa tsohon layin waya ne da na ajiye a cikin jaka, wai ko za a neme ni da shi. Na karya shi a gaban dattijon da ke tambayata.

Gargaɗi: kunya za ta ce maka kada ka je coci a makon nan, kada ka ɗauki wayar Baba. In ka bi ta, mako ɗaya zai zama wata uku. Je ka zauna ko a bencin baya ne. Maganar cin Jibin Ubangiji ko horon ikilisiya kuwa, kada ka yanke wa kanka hukunci ta kowane ɓangare, ka kai wa fasto ya duba bisa tsarin cocinku.

Lokutan da za ka ninka tsaro su ne ƙarshen wata, makon da aka ba ka kuɗi mai kauri, ranar da kuka yi faɗa da na gida ta waya, da kuma bayan ka yi wata biyu ko uku lafiya har ka fara jin ka warke. A irin waɗannan makonni, mai da kiran mutuminka sau biyu, kuma kuɗin tafiya gida ka tura wa matarka ko mahaifiyarka tun ranar da ya shigo, ka bar na tikitin mota kawai a hannunka.